Ta ina zan fara koyar da tsara shafin intanet?

Tambaya: Malam, an ba ni darasin tsara shafukan intanet ga ɗaliban shekarar farko a wata kwaleji. Intanet ɗinmu sai an ci sa'a. Ta ina zan fara? — Wata malama, Daura

Amsa: Malama, Notepad (manhajar rubutu ta kwamfuta) da burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) sun ishe ki a makonnin farko, ko babu intanet. Ki sa kowa ya rubuta shafi ɗaya da HTML, harshen da ake gina shafi da shi, kan abin da ya sani, Rijiyar Kusugu ko shagon babansa: take, sakin layi, hoto. Sannan CSS, harshen ƙawata shafi, ta zo da launi da tsari. JavaScript kuwa, harshen da ke sa shafi motsi da amsa dannawa, ni sai ƙarshen zango nake taɓa ta. WordPress, manhajar da ke sauƙaƙa haɗa shafi, ki ajiye shi tukuna, yana ɓoye wa ɗalibi abin da ke ƙarƙashi. Kuma su riƙa duba shafin a waya, can mutanenmu suka fi buɗe shi.