Ƙanena kar ka soke lokacin situdiyon nan

Salam 'yan zaure. Ƙanena da ka yi tambaya, kace mai ganga da mai jitarku sun ajiye aiki saura sati ɗaya ku shiga situdiyo, ga kuɗin kafin alƙalami kun riga kun biya, kuma ɗayansu ya tafi da laftof ɗin da duk gwajin waƙoƙin ke ciki, kana tambaya ka fasa ne ko ka shiga a haka. Wallahi tunda na karanta raina yake a jagule, don irin wannan ta taɓa faɗa min kuma har yau bata gama sakina ba. Naga wasu sunce ka haƙura ka jira su huce su dawo. Ni dai bana tare da wannan shawarar ko kaɗan.

Kwanaki a nan zauren aka yi ta musu akan Band on the Run, faifan Paul McCartney, mawaƙin nan na Ingila da ya yi suna a ƙungiyar Beatles, wasu na cewa ai sa'a ce kawai McCartney ya taka, to yau ga ranarsa. Kowa a nan ya san a Legas aka ɗauki yawancinsa a 1973, amma ku tuna a wane hali mutumin ya sauka Legas ɗin. Ƙungiyarsa ta lokacin, Wings, su biyar ne. Suna cikin atisaye a gonarsa ta Sikotland suka samu saɓani da mai jita Henry McCullough, ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Shi kuma mai ganga Denny Seiwell sai ana gobe tafiya ya bugo waya yace shi fa ba inda za shi. Ana gobe tafiya fa jama'a! Suka rage su uku, McCartney da matarsa Linda da ɗaya mai jitar Denny Laine, sai injiniyansu Geoff Emerick wanda suka saba tun zamanin Beatles. Kuma a lokacin masu sharhi a jaridu sun sa shi gaba, tun faifansu Wild Life na 1971 suke masa kallon wanda ya ƙare tunda ya rabu da John Lennon, abokin waƙarsa a Beatles, wato in ya sake faɗuwa akwai masu jiran su yi dariya. Haka ya shiga jirgi. Shi da ya zaɓi Legas daga jerin situdiyon kamfanin faifai na EMI yana hango rana da bakin teku, sai suka tarar da ƙarshen damina, situdiyon na Apapa ba wasu kayan kirki, na'urar ɗauka guda ɗaya mai layi takwas, ga masaukinsu can Ikeja kullum sai an sha hanya. Ana wata ga wata, wani dare shi da Linda suka fita da ƙafa, wasu suka tare su da wuƙa suka kwashe abin da ke jikinsu har da jakar da kaset-kaset ɗin gwaji da littafin baitocinsa suke ciki. Kaga kenan laftof ɗinka ne sak, banbancin kawai shi ɓarayin bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da su ba.

Wannan ɗin shi ne ya fi ciwo, kuma na san shi ke hana ka barci, ba kuɗin ba. Ni wanda ya min haka mai fiyanonmu ne. Tare muka taso unguwa ɗaya a Kaduna, mahaifiyata ɗana take ce masa, in ta dafa abinci da nasa kwanon ake zubawa ko yana nan ko baya nan. Muna kiɗa a otal ƙarshen sati, mu yi bukukuwa, muna ɗan tara abin da ya samu don mu yi albam namu na kanmu, kuma da yake shi ne ya iya kwamfuta komai a hannunsa yake. Rigimar da ta raba mu wallahi ko kunyar faɗa nake ji, kason kuɗin liƙi ne na wani biki, kuɗin da bai isa sayen wayoyin jita saiti biyu ba. Yace ana raina shi. Washegari waya a kashe, naje gidansu akace ya tafi Abuja. Na bi yayansa, na bi kawunsa, kowa sai yace ku yi haƙuri ai ku 'yan uwa ne, to ni me nayi da za a haɗa ni cikin ba da haƙurin? Babu wanda yace masa ya dawo da kayan mutane, ko mutum ɗaya. Bayan wasu watanni naje dinar wani abokin aikina, an zuba min shinkafa ina tsaye riƙe da faranti, sai mai sa kiɗa ya saki wata sabuwar waƙa mata suka miƙe. Ƙanena kiɗana ne. Muryar wani yaro ce a kai, an canza baitoci an mai da ita ta soyayya, amma jitar tawa ce, ba ma sake bugawa aka yi ba, ita ce dai wadda na buga a ɗakinsa wani dare da aka ɗauke wuta muka kunna ƙaramin janareta, har ɗan ƙarar da yatsana ya yi da ya zame kan waya a wajen shiga amshi tana nan ba su goge ba. Ni kaɗai a wajen na san da wannan ƙarar. Mutane na rawa ana liƙi, ni ko hannuna rawa yake, na rasa inda zan ajiye farantin, wani ma ya dafa ni yana cewa kaji waƙa ko, nace naji. Na fita waje na zauna kan mashin ɗin wani ban san ma na waye ba. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, daga baya mun haɗu wajen wata jana'iza ya miƙo min hannu yana kwana biyu, lafiya lau kamar ba abin da ya faru, har da tambayar ya Hajiya. Ya Hajiya! Matar da ta ciyar da kai. Na amsa don wajen gaisuwa ne, amma Allah ya sani ban yafe ba tukuna, masu wa'azin zauren nan ku bar ni da wannan.

To mu koma kanka. Yau ɗin nan kafin ka kwanta ka ɗauki waya ka rera duk waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ko da baki ne kana buga tebur, karin da amshin da inda jita ke shiga, ka tura wa kanka ta imel ka kuma tura wa wani babba da ka yarda da shi, don kwanan wata ya zauna. Abu biyu kake yi a nan, kana kama su kafin su gudu daga kanka, kuma gobe in kaji kiɗanka a bakin wani kana da abin nunawa. McCartney daga ka ya dawo da baitocinsa don bai daɗe da rubuta su ba, kai ma yanzu suna nan da ɗuminsu, wata biyu nan gaba rabi sun tafi. Kuma ka rage buri. Kace waƙa goma sha biyu kuka shirya, haba, Band on the Run ɗin da muke ta magana waƙa tara ce a fitowar Ingila, ta Amurka ce aka ƙara waƙar Helen Wheels ta zama goma. Ka zaɓi biyar ko shida waɗanda ko cikin barci aka tashe ka zaka rera. Ni haka nayi, na shiga da abin da na iya tunawa, na ɗauko wani dattijo mai ganga da ke buga wa coci na biya shi kuɗin yini, kuma wallahi ya fi wanda muke da shi nutsuwa, baya cika kiɗa da hayaniya.

Amma kar wani ya ruɗe ka da cewa ai McCartney shi ya hau ganga da kansa ya buga bes ya buga yawancin jita, kai ma yi haka. Mutumin nan ya iya ne, tun a Beatles ya taɓa zama kan ganga, kuma yana da kuɗin da bayan Legas ya koma Landan aka ɗora masa su goge da ƙaho a situdiyon AIR, Tony Visconti ya tsara. Kai in baka iya ganga ba kar ka ɓata lokacin da ka biya kana koyo, ɗauki haya. Kuma duk wanda zai buga maka ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya a rubuta a takarda, nawa za a ba shi, waƙar ta waye, ya sa hannu. Fayil kuma kullum aka tashi aiki a zuba maka a filas ɗinka ka tafi da shi gida, kar ka ji nauyin furodusa. Maganar laftof, ka samu babba ɗaya mai faɗa a ji ya je ya karɓo fayilolin kawai, kar ka haɗa da roƙon su dawo, kuma don Allah kar ka hau Facebook kana habaici, shi zai ba su hujjar riƙewa.

Ka kula da jikinka ma. Shi kansa McCartney ana cikin aikin numfashinsa ya sarƙe ya yanke jiki ya faɗi har Linda ta zaci zuciyarsa ce ta buga, ashe yawan taba ce. Ni lokacin nawa abinci ma gagarata yayi, sai shayi da baƙin rai. Af, kuma tunda an zo nan, masu cewa Fela ya yi masa rashin mutunci da ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, ni ban ga laifin Fela ba. Bature ya taso takanas ya zo Legas ɗaukar faifai, dole a tambaye shi me ya zo ɗauka, kuma da McCartney ya kira Fela situdiyo ya kunna masa yaji ba kiɗan Afirka a ciki ai magana ta mutu. Shi McCartney ɗin da bakinsa ya sha faɗin cewa da yaji ƙungiyar Fela na kiɗa sai da ya zubar da hawaye. Ni da Fela ya zo ya tsaya min haka a kan kiɗana da ban sha abin da na sha ba. 

Sai maganar in faifanka ya fita. Kar ka auna shi da satin farko, nan ne mutane ke karaya su ce da ma ban yi ba. Band on the Run ya fito Disamba 1973, masu sharhin da suka saba zaginsa suka yaba, amma a kasuwa tafiyar hawainiya ya fara, sai da mutanen kamfanin faifai na Capitol a Amurka suka matsa aka fitar da waƙar Jet ita kaɗai a farkon 1974, sannan waƙar da ke ɗauke da sunan faifan ta biyo, shi ne ya hau na ɗaya a Amurka, a Ingila kuwa sai Yuli 1974, wata bakwai bayan fitowarsa. A 1975 ya ci lambar yabo ta Grammy biyu, ɗaya ta Emerick ce ta iya ɗaukar sauti, a aikin da aka fara kan waccan na'urar mai layi takwas ta Apapa. Wato ka ware waƙa ɗaya tun yanzu wadda zaka bi gidajen rediyo da masu sa kiɗa a biki da ita, kar ka zube duka lokaci ɗaya. Nawa bai yi wani tashe ba gaskiya, waƙa ɗaya ce ta ɗan zaga, amma da sunana ta zaga.

Baka faɗa mana kai me kake bugawa ba, kuma a wane gari situdiyon yake. In Kaduna ne ko Zariya ka min magana ta akwati, dattijon nan mai ganga yana nan da ransa, zan tambaye shi ko yana da sarari satin nan, bes kuma in ka rasa ni zan zo in buga maka, kuɗin mota kawai zaka bani.