Allurar korona cikin shekara ɗaya: gaggawa ce ko akwai lauje cikin naɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum lokotoro. Ni malamar lakkol ce a nan Damagaram, yarana uku. Tun lokacin korona maigidana ya daina yarda da allurar rigakafi, da masu allura sun shigo unguwa sai ya ce a rufe ƙofa. Hujjarshi ita ce wai zazzaɓin sauro shekara da shekaru yana kashe mu ba su samo mishi allura ba amma korona shekara guda har sun gama, kuma waɗanda suka yi ta ma sun kamu. Wallahi na rasa amsar da zan ba shi, ni kaina abin yana min yawo a rai.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai kar ki ɗauki maigidanki a jahili, rabin maganarshi gaskiya ce, kuma mu ma'aikatan lafiya muna da laifi a cikin wannan rashin yarda, zan zo kan wannan. Bari mu fara da batun sauri tunda shi ne ya fi tsaya wa mutane a wuya.

Shekara ɗayan da ake faɗa gaskiya ce in daga ranar da aka san ƙwayar za a ƙirga. Masana na ƙasar Sin sun fitar da tsarin halittar ƙwayar a Janairun 2020, ranar 16 ga Maris kamfanin Moderna ya yi wa mutum na farko allurar gwaji a Amurka, ranar 8 ga Disamba kuma aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 ta Pfizer a Ingila, ita ce ta farko bayan an ba da izini. To amma ba daga fili aka fara ginin ba, akwai tushe da daɗewa. Korona tana da ƴan uwa biyu da suka riga ta fitowa, SARS a 2002 da MERS a Saudiyya a 2012, a kansu masana suka gano cewa ƙayar nan da ke jikin ƙwayar, wadda take maƙalewa da ita a jikin mutum, ita ce ya kamata a nuna wa garkuwar jiki. Ita kuma dabarar mRNA, wato a ba jiki saƙon da zai sa ya ƙera ƙayar da kanshi, wadda Pfizer da Moderna suka yi amfani da ita, wata mata ƴar Hangari mai suna Katalin Karikó da abokin aikinta Drew Weissman tun 2005 suka warware babbar matsalarta, lokacin ba wanda ya kula su, sai a 2023 aka ba su kyautar Nobel.

Abu na biyu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, kuma a wurina shi ne gundarin amsar. Rufin ɗaki ba a sanin ko yana yoyo sai an yi ruwa, in da rani kika yi yaɓe sai ki jira wata da watanni, in kuwa cikin Agusta ne a dare ɗaya kin sani. Haka gwajin allura yake, ana tara mutane a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a yi musu allurar gaske rabi a yi musu ruwan gishiri, ba wanda ya san wacce ya samu, sai kowa ya koma harkarshi a zauna jiran cutar ta kama wasu daga ciki. In cutar ba ta da yawa jiran nan kaɗai sai ya ci shekaru. A 2020 kuwa ruwan kamar da bakin ƙwarya yake zuba a Amurka da Birazil, gwajin Pfizer mutum sama da 43,000 ne, an fara ƙarshen Yuli, zuwa tsakiyar Nuwamba mutum 170 sun kamu, da aka buɗe takardu sai aka ga 162 masu ruwan gishiri ne, 8 kacal masu allurar. Daga nan 95 cikin 100 ɗin da kika riƙa ji a radiyo ta fito.

Sai kuɗi. A da kamfani ba ya gina masana'anta sai ya tabbata allurar ta ci jarabawa, dan in ta faɗi asara ce, a 2020 gwamnatocin masu hali suka ce ku fara sarrafawa tun ana gwaji in ta faɗi mu muka biya, Amurka kaɗai ta zuba biliyoyin daloli. Kuma fa wasu sun faɗi, kamfanin Merck da cibiyar Pasteur ta Faransa duk sun ajiye nasu a Janairun 2021 da suka ga ba ƙarfi, wannan ba a yaɗa shi a WhatsApp ba.

Zazzaɓin sauro kuwa wata duniya ce daban. Abin da ke kawo shi ba ƙaramar ƙwaya ba ce irin korona, halitta ce mai ƙwayoyin gado sama da 5,000, tana shiga hanta da wata kama ta fito jini da wata kama, ka rasa inda za ka kama ta, shi ya sa babba ma da ya yi palu sau hamsin yana iya sake yi. Allurar zazzaɓin mai suna RTS,S an fara aikinta tun 1987, sai Oktoban 2021 hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da ita, Nijar ta fara yi wa yara allurar zazzaɓin a Satumban 2024, kuma kariyarta ba ta kai ta ƙyanda ba, gidan sauro dai dole. Amma in maigida ya ce da a Pari palu take kashe yara da ba a kai shekara talatin ba, ni ba zan yi musu da shi ba.

Shakkar ma ba daga sama ta faɗo ba. A 1995 lokacin annobar sanƙarau an yi wa dubban mutane allurar jabu a ƙasar nan. A 1996 Pfizer ta yi gwajin maganin Trovan da yara 200 masu sanƙarau a Kano, rabinsu aka ba shi rabi aka ba wani magani, 11 daga cikin 200 ɗin suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musa laifi amma a 2009 ya yarda da biyan dala miliyan 75. Trovan magani ne ba rigakafi ba, to amma wa zai tsaya bambancewa, Kano nan da nan ce, kowa yana da dangi can. Shi ya share fagen ƙin allurar shan inna a 2003, wadda sakamakonta cutar ta bazu ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Ana cikin haka a Afrilun 2020 wasu lokotoroci biyu suka zauna a wata tashar talabijin ta Faransa suna cewa me zai hana a je Afirka a yi gwaji, har Drogba da Eto'o sai da suka tanka. Ga shi a nan gida an hana jam'i a masallatai har aka yi tarzoma a Mirriya, alhali mutane ba su ga gawarwakin da aka tsorata su da su ba, waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a Nijar duka ɗari uku ne da ƴan kai. Allurar kuma da ta zo, Sinopharm 400,000 daga Sin a Maris 2021, sannan AstraZeneca ta tsarin COVAX na raba allurar ga ƙasashen duniya a Afrilu, lokacin Turawa sun daɗe da cika rumbunsu, wasu kayan ma sai da suka kusa lalacewa aka turo Afirka, Najeriya sai da ta zubar da sama da miliyan ɗaya a Disamban 2021.

Yanzu ga laifinmu. Ni da bakina na tsaya gaban jama'a na ce ku yi allura korona ta ƙare, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, mun ɗora wa allurar burin da gwajin ma bai yi alkawarinshi ba. Ƙwayar ta yi ta canza kama, da nau'inta mai suna Omicron ya fito a Nuwamban 2021 masu allura da yawa sun kamu, kariyar hana kamuwa tana raguwa bayan ƴan watanni. Abin da ya tsaya da ƙafarshi shi ne hana ciwon ya yi tsanani har a kai ga iskar oksijan ko mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Da haka muka faɗa tun farko da maigidanki bai ji an yaudare shi ba. Illa ma akwai, ta AstraZeneca an gano tana jawo daskarewar jini ga ƴan tsiraru ƙwarai, ta mRNA kuma kumburin tsokar zuciya ga wasu samari wanda galibi yake warkewa, irin waɗannan ba sa bayyana cikin mutum 40,000 sai an kai miliyoyi, kuma hukumomin sa ido ne suka bankaɗo su a 2021 suka canza ƙa'ida, ba masu sautin murya na waya ba. Su abin da suka ce shi ne duk wanda ya yi zai mutu cikin shekara biyu kuma haihuwa za ta tsaya, an yi allura sama da biliyan 13 a duniya, shekara biyun ta wuce, matanite kuma ki leƙa ki gani ko akwai gadon da ba kowa.

Abin da ya fi damuna dai, yaranki ba allurar korona ake biyo su da ita ba. Ta ƙyanda, ta mashaƙo, ta shan inna, an yi shekaru gommai ana yinsu. Ki tambayi maigida ya tuna miki yadda sanƙarau yake yi a lokacin zafi sanda yana yaro, nau'in A da ke kwasar mutane a wancan zamani allurar MenAfriVac ce ta kusa shafe shi, dan Afirka aka yi ta, a Indiya ake sarrafa ta, kuma Nijar da Mali da Burkina ne suka fara a 2010. Akwai sauran nau'o'i, shi ya sa muka sake ganin sanƙarau a jihar nan ƙarshen 2022, mashaƙo kuma ya ɓarke wajen Matameye a 2023, kuma yaran da allurarsu ba ta cika ba su ya fi kamawa.

Kar ki yi gardamar nan a bakin ƙofa gaban masu allura, ba namijin da zai sauko a haka. Ki lallaɓa shi ku je CSI tare da karnen yaran, ko ki sa wani yayanshi da yake jin nauyi ya raka shi, ya ce wa majo yana son ganin kwalbar, haƙƙinshi ne. Zai ga sunan kamfani da lambar kaya da ranar lalacewa, kuma a yawancin allurar yara akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya, in murabba'in ya yi duhu kamar da'irar to zafi ya taɓa ta ba a yi da ita, wannan ko wanda bai yi lakkol ba zai iya dubawa da idonshi. Alluran da suka wuce yaran a shekarun nan yawanci ana iya cike musu, majo zai duba karnen ya faɗa muku da wacce za a fara.