Sanyin Jos bai kashe maka shuka ko ɗaya ba

Wani mai sayar da furanni a Jos ya rubuto yana cewa: "A watan Nuwamban bara na sa naira 600,000 na sayo ƙananan tsirrai 400 daga waje, irin masu kaurin ganyen nan da ke ajiye ruwa a jikinsu, waɗanda aka ce suna jure sanyi a fili. Na dasa su a lambuna na bar wa ɗan yayana kula da su, ga shi yanzu 90 kaɗai suka rage. Ina ganin sanyin Jos ne ya fi ƙarfinsu, shi ya sa nake son cin bashin naira miliyan ɗaya da rabi in sayo waɗanda suka fi jure sanyi, in riƙa kai wa masu manyan gidaje a Abuja. Wace shawara za ka ba ni?"

Malam, kada ka ci bashin nan. Da na tambaye ka watan da tsirran suka fara mutuwa, da adadin waɗanda ka sayar kafin nan, sai ka ce mini bari ka tambayi yaro. Wannan amsar ita ce ciwon da ke damun kasuwancinka. Tsirrai 310 sun ɓace daga lambunka, amma ba ka da ko shafi ɗaya da zai nuna nawa ne suka ruɓe, nawa aka sayar, nawa aka ba baƙi kyauta. Ban zargi ɗan yayanka da komai ba, domin wanda ba a ba shi littafi da biro ba, ba a neman lissafi a wurinsa.

Da kana rubutawa, da ba ka bar jaki kana dukan taiki ba. Hotunan da ka turo sun nuna yawancin abin da ka sayo Sempervivum ne, sai kaɗan daga dangin Sedum. Asalin na farkon duwatsun Turai ne, irin su tsaunukan Alps, inda ƙanƙara ke binne shi wata da watanni, kuma yana jure sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Mutanen can har a kan rufin ɗaki suke shuka shi. Shi kuwa sanyin Jos da muke ta kuka da shi, a daren Disamba da Janairu wajen digiri 10 yake sauka, wanda a wurin wannan tsiro kamar ɗumin bazarar ƙasarsu ne. Abin da ba ya jurewa shi ne saiwarsa ta kwana a cikin laima. Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara, kusan dukansa tsakanin Afrilu da Oktoba, kuma a Yuli da Agusta akan yi kwanaki ƙasa ba ta bushe ba. Idan ka haɗa wannan da baƙar ƙasa mai taki irin wadda kuke zuba wa sauran furanni, sannan ga yaro da aka koya wa bi da butar ban-ruwa kan kowace shuka safe da yamma, to ina da yaƙinin cewa da hunturu tsirranka suna cikin ƙoshin lafiya, da marka ce suka narke daga gindi. Littafin naira ɗari biyar da ya nuna maka haka tun a makon farko.

Na taɓa zama da wata baiwar Allah a Kaduna mai sayar da irin waɗannan tsirrai a tukwane, wadda ta shekara tana asara tana ɗora laifin a kan ruwan rijiyar burtsatse, har ta fara sayen ruwan 'yan garuwa da tsada. Na sa ta lamba kowace tukunya, ta riƙa rubuta ranar da ta mutu. Cikin wata biyu ta gano cewa kusan duk masu mutuwar suna cikin wasu tukwanen roba ne da ta saro da araha, waɗanda ba a huda gindinsu ba. Ƙusa mai zafi ce ta magance abin da ta kashe kuɗin shekara guda a kai.

Yanzu dubi lissafinka. Ka sayi kowane tsiro a kan naira 1,500, amma tunda 90 ne suka tsira, kowanne ya tsaya maka a kan kusan naira 6,700, ban da ladan yaro da kuɗin fili. A kan wannan rami kake son zuba bashin miliyan ɗaya da rabi, kuma kana neman irin da ya fi jure sanyi, wato wanda ya fi nisa da yanayinmu.

Maganar Abuja ma ganin kitse kake yi wa rogo. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, Abuja kuwa ta sauka ƙasa sosai, zafinta a Fabrairu da Maris yakan haura digiri 35, sannan damina ta biyo da laima. Tsiron da ya saba da iskar tsauni zai sha wuya a can fiye da Jos, kuma mai babban gida da ya biya ka da tsada ya ga abin ya ruɓe cikin wata uku ba zai sake kiranka ba, zai kuma gaya wa maƙwabtansa. Masu bidiyon da kake kallo a YouTube suna nuna lambu cike da launuka a Amurka da Ingila, ba sa nuna kwandon da suke zubar da matattu.

Dukiyarka ta gaskiya a yau ita ce waɗannan 90 da suka ci damina guda suka rayu. Ka tone su ka mayar da su kan kunya mai tudu, wadda yawancinta tsakuwa ce da yashi mai kauri, ka yi musu rumfar leda mai haske da za ta tare ruwan sama ta bar iska tana ratsawa, kuma kada a ba su ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarau. Irin wannan tsiro yana fitar da 'ya'ya a gefensa idan ya ji daɗin wuri, uwar kuma takan mutu bayan ta yi fure, don haka kada a lissafa wannan mutuwar cikin asara. Daga 'ya'yan za ka samu iri ba tare da ka sake biyan dala ba.

Kafin su yawaita, abin da zai riƙe maka ciniki yana kusa da kai. Kyarana da ƙauyukan Filato ke shinge da ita, da kariya mai jan fure, da moda, da dangin zabuwa, duk masu ajiye ruwa ne da suka san ranarmu da daminarmu, kuma idan an tsara su da duwatsu suna ƙawata farfajiya. Sai dai ka gargaɗi masu saye cewa farin ruwan kyarana yana da haɗari ga ido.

Ka ba ɗan yayanka littafi ya riƙa rubuta sunan iri, da kunyar da yake, da ranar ban-ruwa, da ranar da ya mutu ko aka sayar da farashinsa, kai kuma ka ƙirga tsirran da hannunka kowace Asabar ka sa hannu. Idan Oktoba mai zuwa ta yi, ka turo mini hoton shafukan, a nan ne za mu duba ko akwai irin da ya cancanci a ƙara masa kuɗi.