'Yata za ta shiga CM2 ba ta da takardar haihuwa: in saya a bakin meri?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Ranar da aka raba bilten, wato takardar sakamako, na ƙarshen shekara, makarantar gwamnatin da 'yata take ta haɗa mana da takardar sanarwar hutu: ranar komawa a Satumba, kuɗin APEE, darasin hutu ga mai so. Can ƙasa kuma an ja layi da jan biro cewa duk ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, da bai kawo takardar haihuwa ba, ba za a sa sunansa a jarrabawar CEP ta kammala firamare ba. Yarinyar ta ci zuwa CM2, shekarunta 13, a gida aka haife ta, ban taɓa yi mata takarda ba. Na je meri, ofishin magajin gari, aka ce mini sai kotu. Ina fitowa wani ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce in kawo sefa dubu 15, cikin kwana uku zai kawo mini takarda da hatimi da sa hannu, har ya rage mata shekara biyu. Abokaina a kasuwa sun ce kowa haka yake yi. Wallahi barci ya ƙaurace mini, don yarinyar tana da ƙoƙari. In ba shi kuɗin? Kuma cikin abin da makaranta ta lissafa, wanne ne dole?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ba shi, ko dala. Zan dawo kansa don a nan zan daɗe, amma bari in sallami ƙananan tambayoyin tukuna.

Tun shekarar 2000 ba a biyan kuɗin shiga firamaren gwamnati a Kamaru. Na APEE kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ne, taron iyaye ke yanka shi, kuma a makarantunmu na arewa da shi ake sallamar malaman da iyaye suka ɗauka da kansu saboda waɗanda gwamnati ta turo ba su isa ba. Ka biya, ka karɓi rasit, ranar taro kuma ka rufe shago awa biyu ka je ka ji inda kuɗin suka shiga. Darasin hutu ba dole ba ne, kuma ba a hana yaro kujerarsa don bai zo ba. Littattafai kada ka saya sai jerin hukuma yana hannunka, littafi ɗaya ne ga kowane darasi, masu shimfiɗawa a bakin titi kuwa tsohon yayi suke fara miƙo wa wanda bai sani ba. Ranar komawa, farkon Satumba, ka kai ta ranar farko. Wannan ɗabi'a tamu ta jiran sai an cire gyaɗa a Oktoba sannan yaro ya leƙa aji, ɗan CM2 ba ya ɗaukarta.

To, mutumin bakin meri.

Na yi shekaru ina riƙe da makarantar firamare, kuma babu maganar da ta gajiyar da ni kamar wannan: wai takarda takarda ce, in dai da hatimi da sa hannu. Mutane sun ɗauka takardar haihuwa ita ce fallen nan da ake ninkewa a sa ƙarƙashin katifa ko cikin kwallar uwargida. Fallen nan yago shi aka yi daga wani babban kundi da ke ajiye a ofishin da aka rubuta haihuwar. Abin da ya rage a jikin kundin shi ake kira souche da Faransanci, mu ce kututture. Lambar da ke saman takardarka ita ce a jikin kututturen, da suna iri ɗaya, da rana iri ɗaya, da sunan uwa da uba. Kundin kansa kotu ke lissafa shafukansa ta sa musu hannu kafin a fara rubutu a ciki, don kada wani ya cusa shafi daga baya. Fallen da ke hannunka shaida ne kawai cewa akwai kututture. In babu kututture, abin da ka riƙe bai fi takardar ƙunshe ƙosai daraja ba, ko da hatimi goma a jikinsa.

Wanda ya tare ka fallen zai sayar maka. Ko dai ya ƙirƙiri lambar da babu ita a kowane kundi, ko ya ɗauko lambar wani yaro da aka haifa a shekarar ya ɗora sunan 'yarka a kai. Hatimi kuwa ba abin wahala ba ne, sassaƙa shi ake yi. Ka tambayi kanka: abin da meri da bakinta ta ce ba ta da ikon yi sai da hukuncin alƙali, yaya wanda ke zaune a kan benci a bakin ƙofarta zai gama shi cikin kwana uku?

Abokanka da suka ce kowa haka yake yi, ba ƙarya suka shirga gaba ɗaya ba, kuma nan ne mugun abin yake. Takardar bogi tana wucewa a farko. Ni darakta, shugaban makaranta, ba ni da kundin a ofishina, kwafi nake karɓa in sa a dosiye, wato fayil ɗin yaro. Sai yarinya ta rubuta CEP ta ci. Ta shiga siziyem, ajin farko na sakandare, ta yi jarrabawoyin sakandare, BEPC, Probatoire, har Bac, duk da wannan suna da wannan ranar haihuwa. Uba yana ta cewa ai ga shi ba abin da ya faru. Shekara bakwai, takwas, ana ɗora gini a kan rami. Ranar da za ta nemi katin ɗan ƙasa, ko fasfo, ko ta shiga kwankur, jarrabawar neman aikin gwamnati, ranar ce za a ce ta je ta kawo shaidar cewa kututturen takardarta yana nan. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Akwai wani yaro da na koyar, ba zan faɗi gari ba. Ya zo gidana bayan sallar isha da farin ambulan a hammata, ya gama Bac, ya tsaya a zaure ya ƙi zama. Ya je neman wannan shaida, ma'aikacin ya sauko da kundin shekarar daga saman kabad, ya kaɗe ƙura, ya lashi yatsa yana buɗe shafi har ya kai lambar. Sunan wata yarinya ne a wurin, 'yar wani ƙauye, an haife ta wata huɗu kafin ranar da aka rubuta masa. Ya zazzage mini takardunsa a kan tabarma, CEP, BEPC, Probatoire, Bac, ya ce, "Malam, duk waɗannan na wane ne ke nan?" Uban da ya saya masa takardar ya rasu. Wanda ya sayar kuwa ko sunansa na gaskiya ba wanda ya sani. Gyaran ya ci shi lokaci mai tsawo tsakanin kotu da ofisoshin jarrabawa, sa'o'insa suna karatu shi yana bin layi. Ban da wannan, amfani da takardar hukuma ta jabu laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma wanda aka kama da ita a hannu shi ake fara tambaya.

Sai rage shekaru, wanda shi ne zumar da ake shafa wa tarkon. A ƙasar nan har suna aka yi masa, a ce wane "Kumba" ya yi. Ana faɗa ana dariya, amma je ka ga masu jiran katin ɗan ƙasa da aka tsayar da dosiyensu saboda na'ura ta nuna mutum ɗaya da ranar haihuwa biyu. Da can ana iya sulalewa, don kowane ofis da kundinsa, wani bai san na wani ba. Yanzu zanen yatsa ake ɗauka a adana a kwamfuta, yatsa kuwa ba ya rage shekara. 'Yarka shekarunta 13. A rubuta 13. In shekaru suka zo da matsala wajen shiga siziyem, akwai takardar neman sassauci da ake rubuta wa hukumar ilimi, darakta ya san hanyarta. Wannan matsalar mako ce. Ranar haihuwar ƙarya matsala ce da za ta bi ta har ranar ritaya.

Hanyar gaskiya ita ce wadda meri ta faɗa maka, jugement supplétif, wato hukuncin kotu da ke maye gurbin sanarwar da ba a yi a kan lokaci ba. Ka koma merin da aka haifi yarinyar a yankinta, ba wadda ta fi kusa da shagonka ba, su ba ka shaidar cewa ba a taɓa rubuta ta a kundinsu ba. Ka kai ta asibitin gwamnati likita ya duba ta ya rubuta takardar ƙiyasin shekaru. In uwarta tana da katin awon ciki ko katin rigakafin yarinyar, ko ya yage ko mai ya taɓa shi, ku tafi da shi, yana taimakawa ƙwarai. Ka nemi shaidu biyu masu katin ɗan ƙasa da suka san haihuwar, irin maƙwabcin da ya ci naman suna ko mai unguwa. Da wannan za ka shigar da buƙata a kotu, ka biya abin da aka ce a wurin da ake ba da rasit.

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa bayan sun sha duk wannan wahala: alƙali ya yanke hukunci, sai uba ya karɓi takardar hukuncin ya kai gida ya adana, yana zaton ya gama. Hukuncin ba shi ne takardar haihuwa ba. Sai ka mayar da shi meri, su rubuta yarinyar a kundi, su yago maka fallenka. A ranar ne ta sami kututture. Kafin ka bar gaban tebur ka karanta harafi bayan harafi. Aïssatou da Aïchatou a wurinmu duk A'isha ce, a wurin mai duba dosiye mutum biyu ne. Yadda aka rubuta a takardar haihuwa, haka za ka sa darakta ya rubuta a rajistar makaranta.

Ba zan ɓoye maka ba, hanyar tana da gajiya, kuma ba na wanke ofisoshinmu. A ce maka mai sa hannu ya fita, ka dawo gobe. Gobe a ce kundi ya ƙare ana jiran sabo. Ga shi kuma daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba kotuna suna hutunsu na shekara, ba a rufewa amma ana rage zama. Wannan jan ƙafar shi ke ciyar da mutanen benci, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma jinkirin dalili ne na ka fara yau. Dosiyen CEP tun zangon farko ake haɗa shi, ko da yake jarrabawar sai Yuni. Wanda ya bari sai an koma makaranta sannan ya fara neman shaidu, ya zo fafe gora ranar tafiya. Ka kuma tambayi darakta da meri ko akwai zaman kotun tafi-da-gidanka da ake shiryawa, audience foraine, inda alƙali ke zuwa ya saurari yara da yawa a zama ɗaya. An yi irinsa saboda 'yan CM2 a shekarun nan, kuma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Sai dai kada ka naɗe hannu kana jiransa. Ka sa sunanta in ana rubutawa, ka ci gaba da naka.

Yanzu ka yi haƙuri in faɗi wadda ba ka tambaya ba, ba kai kaɗai nake nufi ba. Ranar suna muna yanka rago, mu raba goro da dabino, mu ɗinka wa mai jego atamfa, maroƙa su tafi da nasu. Duk unguwa ta shaida sunan yaro, ban da kundin da zai bi shi har tsufa. Alhali rubuta haihuwa a kan lokaci kyauta ne, kuma dokar da aka sa wa hannu a Disamban 2024 ta ba iyaye kwana 90. Wata uku cur. Ko a gida aka haihu ana rubutawa, kuma ba sai lallai babbar meri ba, akwai ƙananan cibiyoyin rajista a unguwanni da ƙauyuka. Mun iya tuna ranar da bashinmu zai cika a kasuwa, amma wata uku su wuce ba mu sami safiya ɗaya ba. Sannan in abin ya zo, 'ya mace ce ke fara biya. Na sha gani: a hana ta CEP, ta maimaita CM2, shekara ta zagayo ba takarda, sai a ce to ai ta girma, ta zauna gida. A ce ƙaddara. Ba ƙaddara ba ce ta hana uba zuwa meri. Suna mai kyau haƙƙin ɗa ne a kan mahaifinsa, kowa ya ji wannan a bakin malamai, kuma a zamanin nan sunan da hukuma ba ta rubuta ba, yaro ba ya iya shiga ɗakin jarrabawa da shi.

Kai dai ka yi abin kirki da ka tambaya kafin ka miƙa kuɗin. Yau da dare ka sa uwargida ta fito da takardun yaran gidan duka, ku baje su a tabarma ku ƙirga. Ƙannenta da ba su da ita, ka haɗa dosiyensu tare da nata, shaidun nan biyu su yi muku zuwa ɗaya. Wanda yake da takarda amma ba ka tuna a hannun wa aka karɓo ta ba, ka kai lambar meri a buɗe kundi a duba tun yana ƙarami. In kuma akwai jariri a gidan da bai cika kwana 90 ba, da shi za ka fara ranar Litinin, kafin ka buɗe shago.