Ɗan sanda Musulmi da aikin rundunar Tarayyar Afirka a Somaliya: ridda ne ko halas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan sanda ne, shekarata goma sha ɗaya a bakin aiki. Sunana ya fito cikin waɗanda za a tura Mogadishu aikin shekara guda a ƙarƙashin rundunar Tarayyar Afirka. Yayana, wanda ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, ya ce in na tafi na bar Musulunci, domin zan taimaki Habasha da Kenya da Amurka a kan 'yan Al-Shabab, waɗanda Musulmi ne. Ya ja mini ayar suratul Ma'ida da ta hana jiɓintar Yahudu da Nasara. Ya ce alawus ɗin ma haram ne, ba zai ci ko ƙwayar shinkafar da na saya da shi ba. Hankalin mahaifiyarmu ya tashi. Mene ne hukunci? In kuma ajali ya same ni a can, a kan me na mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, tafiyarka halas ce, ba ta fitar da kai daga Musulunci, kuma kuɗin da za a biya ka halas ne, bisa sharuɗɗan da za su zo. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, a cikin maganar yayanka akwai wani yanki mai tushe a littattafan fiƙihu. Kuskurensa shi ne ya ɗauki mas'alar saɓani ya mayar da ita mas'alar kafirci.

Mu fara da mutanen da za ka fuskanta, domin ba a yanke hukunci a kan abu sai an san kamanninsa. Al-Shabab ta yi ƙarfi ne bayan sojojin Habasha sun shiga Somaliya a ƙarshen 2006, da goyon bayan Amurka, suka rusa Ƙungiyar Kotunan Musulunci da ke riƙe da Mogadishu. A lokacin matasa da yawa sun shige ta don kishin ƙasa, kuma mai adalci ba zai musa cewa wannan mamaya ita ce ta hura wutar ba. To amma dubi abin da ya biyo baya. A Janairun 2009 Habasha ta janye sojojinta. A watan nan aka zaɓi Sheikh Sharif Sheikh Ahmed, shugaban Kotunan Musuluncin nan, ya zama shugaban ƙasa. A Afrilun wannan shekarar majalisar dokoki ta amince da Shari'a a matsayin dokar ƙasa. Abubuwa biyun da suke cewa dominsu suka ɗauki makami, wato ficewar Habasha da tsayar da Shari'a, an miƙa musu a hannu. Ba su ajiye bindiga ba. Sai ma suka kafirta Sheikh Sharif da gwamnatinsa suka ci gaba da yaƙi, a Fabrairun 2012 kuma suka bayyana mubaya'arsu ga Al-Ƙa'ida.

Sannan su wa suke kashewa? Ranar 4 ga Oktoban 2011 motarsu ɗauke da bam ta tashi a Mogadishu, a tsakiyar ɗalibai da iyayensu da suka taru duba sakamakon neman gurbin karatu a Turkiyya. Ranar 14 ga Oktoban 2017, a mahaɗar Zoobe da ke Mogadishu, mota guda ta hallaka fiye da mutum 500. Ba su fito sun ɗauki alhaki ba, amma kotun soja ta tabbatar da laifin a kan mutuminsu. Bayan shekara biyar, a Oktoban 2022, suka sake kai hari a wannan mahaɗa, sama da mutum 100 suka rasu, wannan karon da bakinsu suka ce su ne. A yunwar 2011, wadda ta ci rayuka kimanin dubu 260, sun kori ƙungiyoyin agaji daga yankunan da suke iko. Ko junansu ba su bari ba: a 2013 shugabansu Ahmed Godane ya sa an kashe manyan abokan tafiyarsa da suka soki salonsa. Somaliya ƙasa ce da kusan kowa Musulmi ne, saboda haka mai sayar da shayi da direban bas da ɗalibar da suka mutu a waɗannan wurare masu salla ne. Mu da muka ga abin da aka yi wa masallata a babban masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014 ba sai an yi mana tafsirin wannan ɗabi'a ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta Khawarijawa a hadisin Abu Sa'id Al-Khudri da ke cikin Bukhari da Muslim da cewa suna kashe ma'abota Musulunci, suna ƙyale masu bautar gumaka, suna karanta Alƙur'ani ba ya wuce maƙogwaronsu. Sayyidina Ali ya yi haƙuri da su suna kafirta shi a masallacin Kufa, bai hana su masallaci ba, bai fara yaƙarsu ba. Sai da suka yanka Abdullahi ɗan Khabbab, suka farke cikin matar da ke tare da shi, sannan ya fita ya gamu da su a Nahrawan a shekara ta 38 bayan hijira. Jinin da suka zubar ne ya halatta yaƙarsu, kuma sahabbai ba su saɓa a kan dacewar wannan yaƙi ba, alhali sun saɓa a kan yaƙin Jamal da na Siffin. Malaman Somaliya da kansu, a taron da suka yi a Mogadishu a Janairun 2023, wannan hukuncin suka yanke wa Al-Shabab. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga wurin da maganar yayanka take da nauyi. Shin ya halatta shugaban Musulmi ya nemi taimakon waɗanda ba Musulmi ba a yaƙi? Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa a hanyar Badar wani jarumi mushiriki ya nemi ya bi rundunar Annabi, sai ya ce masa ya koma, ba zai nemi taimakon mushiriki ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Sheikh Khalil ya lissafa neman taimakon mushiriki cikin abubuwan da aka haramta a yaƙi, sai dai don hidima. In kuma waɗanda za a yaƙa Musulmi ne 'yan tawaye, to maganar ta fi tsanani: Imam Nawawi ya faɗa a Minhaj, littafin da almajiran Somaliya suke tashi da shi, cewa ba a neman taimakon kafiri a kansu, haka nan ba a neman taimakon wanda yake ganin halaccin kashe su bayan sun juya baya suna gudu. Ka lura da dalilin: manufar yaƙar ɗan tawaye ita ce a kange sharrinsa ya dawo hanya, wanda kuwa ba ya ganin alfarmar jininsa zai wuce gona da iri.

A ɗaya ɓangaren akwai hujjoji masu ƙarfi. Annabi ya ari sulke a wurin Safwan ɗan Umayya, Safwan kuma ya halarci Hunaini bai musulunta ba tukuna. Ƙabilar Khuza'a, Musulminsu da mushirikansu, sun shiga ƙawancen Annabi a sulhun Hudaibiyya. Abu Dawud ya ruwaito hadisin Zu Mikhbar cewa Musulmi za su ƙulla sulhu na aminci da Rumawa, su yaƙi wani abokin gaba tare. Hanafawa sun halatta neman wannan taimako matuƙar ragamar hukunci tana hannun Musulmi masu halaccin iko. Ibn Hazm, duk da tsananinsa a wannan babi, ya buɗe ƙofa idan halaka ta tunkaro ba wata dabara. A kan lalura ne majalisar manyan malaman Saudiyya, ciki har da Sheikh Ibn Baz, ta ba da fatawar halaccin shigowar sojojin ƙetare a 1990 bayan Saddam ya mamaye Kuwait. Wasu malamai sun ƙi wannan fatawa, an yi rubuce-rubuce, amma ba a ji malamin kirki ya ce waɗanda suka halatta sun yi ridda ba.

Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne halacci a halin da Somaliya take ciki. Ƙasa ce da gwamnatinta ta rushe a 1991, ta yi shekaru ba ta da sojan da zai tsare ko fadar shugaban ƙasa. Rundunar Tarayyar Afirka ta shiga a 2007 da amincewar gwamnatin ƙasar da ta Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Yuganda ta fara tura dakaru, Burundi ta biyo, kuma da hannunsu aka fitar da Al-Shabab daga Mogadishu a Agustan 2011. Haka kuma masu dasa bam a kasuwa sun fi kusa da hukuncin masu fashi da ɓarna a ban ƙasa, wanda ya zo a aya ta 33 ta suratul Ma'ida, fiye da 'yan tawaye masu tawili da malamai suka tausasa hukuncinsu.

Amma ka ga, duk wannan saɓani a kan shugaban Somaliya yake, ko ya gayyato wanda ba Musulmi ba ko kada ya gayyato. Kai Musulmi ne. Ko a wurin malamin da ya fi kowa tsanantawa, Musulmi ya je ya taimaki hukumar Musulmi ta kare talakawanta daga masu kisa ba shi ne abin da aka hana ba. Hasali ma illar da Nawawi ya ji tsoro, zuwan irinka ne yake rage ta. Ɗan sandan da ya san darajar mace mai lulluɓi a shingen bincike, ya san ba a kutsa masallaci da takalmi, ya san jinin wanda ya miƙa wuya haramun ne, ya fi alheri ga mutanen Mogadishu a kan wanda bai san ko ɗaya ba. Aikin 'yan sandan rundunar ma galibinsa horar da 'yan sandan Somaliya ne, da sintiri tare da su, da gadin wurare.

Ayar da ya ja maka kuwa, jiɓintar da take fitar da mutum daga addini ita ce ya mara wa kafirai baya don son addininsu ya rinjayi Musulunci. Haɗibu ɗan Abu Balta'a ya aika wa Ƙuraishawa wasiƙa yana tona asirin shirin buɗe Makka. Umar ya nemi izinin sare wuyansa, Annabi ya tambayi Haɗibu abin da ya kai shi, ya karɓi uzurinsa, kuma ayar da ta sauka a kansa da kiran masu imani ta fara. Wanda ya tona asirin rundunar Annabi ke nan, sai da aka bincika niyyarsa. Ina ga wanda zai je tsare ƙofar makaranta a garin Musulmi, a ƙasar da kundin mulkinta na 2012 ya ce ba za a kafa dokar da ta saɓa wa Shari'a ba? Ka gaya wa yayanka, cikin ladabi domin na gaba yake da kai, cewa Annabi ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, to kalmar za ta koma kan ɗayansu.

Kada wannan ya sa ka ɗauka rundunar tsarkakakkiya ce. Kowace ƙasa da ta tura soja tana da tata buƙatar, Habasha da Kenya suna da tsohon lissafi na kan iyaka da Somaliya. A Agustan 2021 sojojin rundunar 'yan Yuganda sun kashe farar hula bakwai a Golweyn, har kotun soja ta yanke wa biyu hukuncin kisa. An sha kai ƙarar cin zarafin mata masu zuwa neman magani ko abinci a sansanoni. Amurka ma a 2019 ta amsa cewa wani harinta ta sama ya kashe mace da yaro. Daga nan sharuɗɗan suke fitowa. In aka umarce ka da harbi cikin taron jama'a, ko azabtar da wanda aka kama, ko ɓoye laifin abokin aiki, ba biyayya, ko da za a maido ka gida a tuɓe maka kaki. Annabi ya ce wa sahabban da kwamandansu ya umarce su su faɗa wuta: biyayya a cikin abin kirki kawai take. Wanda ya ajiye makami ya miƙa kansa ka kai shi hannun hukuma lafiya, domin aya ta 34 ta suratul Ma'ida ta buɗe ƙofar tuba. Mukhtar Robow, tsohon mataimakin shugaban ƙungiyar, ya fice daga cikinta, har ya zama ministan harkokin addini a 2022. In an kira ka shaida a kan zaluncin da ka gani, ka faɗi gaskiya ko a kan wa ta faɗa.

Alawus ladan aiki ne na halal, ba ya ɓata niyya matuƙar ba shi kaɗai ya fitar da kai ba. In ajali ya riske ka kana kare rayukan mutane da kyakkyawar niyya, muna yi maka fatan shahada, ba ma yankewa, domin Bukhari ya ƙulla babi a kan cewa ba a cewa wane shahidi ne kai tsaye.

Izinin yaya ba sharaɗi ba ne, na mahaifiya shi ne abin dubawa. In tafiyar ta ganin dama ce, kana iya janye sunanka ba tare da ka rasa aikinka ba, kuma ta ƙi yarda bayan an yi mata bayani, to ka zauna. In umarni ne na dole, ka lallashe ta ka nemi albarkarta. Ka yi shawara da iyalinka a kan tsawon rabuwar, ka bar musu abin da zai ishe su, ka rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Da ka isa ka san za ka zauna kwana huɗu ko fiye a wuri ɗaya, sai ka cika salla, ba ƙasaru. Mutanen can Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, yana alƙunutun Asuba a bayyane bayan ruku'u; ka bi shi, sallarka ta yi.

Wallahu a'alam.