Amsa ga mai son kama duniyar da ke gittawa ta gaban tauraro

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da na'urar hangen nesa mai faɗin inci 8 za ka ga wata duniya tana gittawa ta gaban tauraronta. Gani da ido dai, cire rai. Abin da ake kamawa ɗan dusashewar haske ne, tamkar husufi ƙarami ƙwarai. Ko Mushtari, duk girmansa, in ya gitta gaban rana ga mai kallo daga nesa, kashi 1 cikin 100 kawai zai tare. Wannan aikin kamara ne.

Na'urarka kuwa ta isa. A 1999, da aka fara kama irin wannan gittawa a tauraron HD 209458, ɗaya daga cikin tawagogin biyu da na'ura mai faɗin santimita 10, wajen rabin taka, ta yi aikin.

Ni da HD 189733 na fara, wanda ke dab da gajimaren iskar gas na sararin samaniya mai suna M27. Duniyarsa na zagaye shi cikin kwana 2.2, gittawar ba ta kai awa biyu ba, haske yana raguwa kusan kashi 2.5. Matsalarmu a nan arewa, lokacin da yake tsaka da sama da tsakar dare damina ce, hadari ya rufe ko'ina. Sai Oktoba na samu, bayan ruwa ya janye, kafin hazo ya sauko, ana idar da magariba yana bisa kai.

Daren farko na yi wauta. Na fara ɗaukar hoto daidai lokacin da jadawalin gittawar ya ce za a fara, na tattara kaya da ya ce an gama. Da safe na zuba hotunan a manhajar AstroImageJ mai auna hasken tauraro, sai ga ɗigogin awon a warwatse kamar an watsa wa kaji gero. Ba ni da hasken kafin da na bayan da zan gwada da shi, to ina zan ga ramin da raguwar haske ke yi a layin awon? Yanzu awa guda nake ƙarawa a kowane gefe. Tauraron kuma yana da haske sosai, yakan ƙone a hoto, don haka nakan ɗan kauda saitin kaifin hoto har tauraron ya zama ɗan dunƙule. Ka tabbatar akwai taurari biyu ko uku a hoton da za ka auna shi da su, ka daidaita agogon kwamfuta da intanet, ka kuma tanadi batir, don wutar gida ba a yi mata amana.

Ranar da ramin ya fito, ƙasansa a shimfiɗe, gefe biyu a tsaye, na kira maiɗakina ta gani. Ta ce, "Wannan layin ka hana mu barci?"

Kafin ka kwana a waje, gwada shirin Exoplanet Watch na NASA. Suna ba da hotunan da na'urorin hangen nesa suka ɗauka, da manhajar EXOTIC mai auna hasken, ka koyi lissafin a ɗaki.

Gindin na'urarka yana bin tauraro da kansa? In ba ya bi, daga nan za mu fara.