Kasaru a tafiyar awa ɗaya a jirgin sama

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda, aiki kan kai ni Madina. Daga tashin jirgi zuwa saukarsa bai fi awa ɗaya ba, ko gajiya ba na ji. Wani abokina ya ce ban cancanci kasaru ba tunda babu wahala. Yaya hukuncin yake?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, ka yi kasarunka. A wurin mafi yawan malamai nisan hanya ake aunawa, ba daɗewarta ba. Malikiyya, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ƙayyade shi da baridi 4, wato farsakhi 16, mil 48, abin da ya ɗan haura kilomita 80. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibn Abbas yana kasaru a nisa irin na Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Usfan, ko Jidda. To tsakanin filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda da na Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina akwai fiye da kilomita 300 ta sama, ta mota kuma ya wuce 400. Ta ko'ina ka auna, ya ninka haddin sau uku da ɗoriya, kuma zuwan kaɗai ake ƙirgawa, ban da dawowa.

Zancen sauri ma magabata ba su bar shi ba, tun babu jirgin sama. Imam Nawawi ya faɗa a Minhaj cewa wanda ya ratsa wannan nisa a teku cikin sa'a guda zai yi kasaru. Wahala ita ce hikimar rangwamen, amma ba a rataya hukuncin a kanta ba, don ba ta aunuwa: abin da ya gajiyar da dattijo, saurayi ko a jikinsa. Da Sayyidina Umar ya yi mamakin ci gaba da kasaru bayan tsoron abokan gaba da ayar kasaru ta ambata ya kau, Annabi (SAW) ya ce masa sadaka ce Allah ya yi muku, ku karɓi sadakarsa. Muslim ya ruwaito. Abokinka dai bai faɗi ƙasa warwas ba, Ibn Taimiyya ya mayar da lamarin ga abin da mutane ke kira tafiya a al'ada, amma maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai, muke ba da fatawa da ita.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗakin jiran jirgi. Kasaru ba ya farawa sai an bar gine-ginen gari, filin jirgin Jidda kuwa gari ya riga ya cim masa. Idan aka kira Azahar kana riƙe da tikiti kana jiran a buɗe ƙofa, raka'a huɗu za ka yi. Da ka sauka Madina, Azahar, La'asar da Isha sun koma biyu-biyu, sai fa in ka bi liman mazaunin gari, ko ka yi niyyar zaman kwana 4 cikakku, to sai ka cika.

Wallahu a'alam.